Baƙar Giyar Jamus Ta Hana Ni Shago

Daren Laraba, Wurno

Yau burina ya rushe, kuma harshena ne sanadi. Wata uku ina tsirar da dawar ƙauyen Lahodu, ina gasa ta har ta yi duhu, domin in samar da abin sha marar sa maye. Kawu Bello ya alkawarta mini shagonsa na bakin kasuwa. Da la'asar na kai masa kofi guda, ya kurɓa, ya yaba.

"Ina kak koyo wanga, ɗana?"

Da na ce a jami'a, da an wuce wurin. Sai na gyara murya, na gabatar da cikakken sharhi: fasahar ta samo asali daga sufayen Kirista na Jamus, masu gasa tsiron sha'ir a gidajen ibadarsu su dafa baƙar giya.

Ya ajiye kofin a hankali. "Baƙar mi?"

Na zayyano hujjojin kimiyya, na rantse nawa ba ya tsimuwa. Ya kurkure baki sau uku.

"Digirinka ya san hakanan. 'Yan kasuwa ba su sani ba, kuma ni ka ba su salla."

Kafin isha'i ya miƙa wa wani mai albasa makullin. Duk faɗin Wurno ban san mai buɗe mini ƙofar da liman ya rufe ba.