Ni Na Ba Da Kwat Ɗin Baba

Yaya,

Na fita kafin ka tashi, don ba zan iya haɗa ido da kai ba.

Mutumin da ka lakaɗa wa duka jiya wurin rabon tufafin hutun ƙarshen shekara ba ɓarawo ba ne. Ni na sa kwat ɗin marigayi Baba cikin buhun sadakar da muka kai makarantar unguwa. Shekara biyu yana rataye bayan ƙofa, kullum na gan shi sai gabana ya faɗi. So na yi ya sake jin ɗumin jikin mutum.

Da ka shaƙe mutumin kana ihun "Uban wa ya ba ka?", ina tsaye bayan tebur. Na ji ƙarar bakinsa a kan siminti, na ga jini har kan takalmin 'yarsa, amma tsoronka ya ɗaure min harshe.

Na tafi duba shi. Na wanke kwat ɗin da ka ƙwato daga jikinsa, yana kan igiya. Ka kai masa da kanka, ka ba shi haƙuri a gaban yarinyar. Mai gadin makarantar ya san gidansa.

In har yanzu hannunka na ƙaiƙayi, zan dawo da la'asar.

Ƙanwarka