Koren Shayin Baba Cindo

Gadarif, ranar Talata

Baban Zahra,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da yara, da mutanen Hawata baki ɗaya. Yaya gona?

Saƙonka ya iso ta hannun Ya'u direba. Wai in tattara in dawo kafin yankan riɗi, in bar Baba a hannun ƙannena maza, tunda tsufa ba shi da magani. To, ba yanzu ba. Dabarar ƙannen nawa, su Yunus, ɗaya ce, su sa wa ɗakinsa kwaɗo don kada ya sake fita ya ɓata a kasuwar hatsi. Mutumin da duk ɗan ƙwadagon da ya sauka unguwar nan sai ya sha shayinsa, shi za a kulle kamar akuya? Sai dai bayan raina.

Na ji kuma kana yi mini dariya, wai na koma bokanci da ganyen shayi. Yi ta yi. Lubna 'yar yayata, wadda yaƙi ya koro daga karatun haɗa magunguna a Khartum, ita ta ce akwai wani sinadari a koren shayi da masu bincike suke ganin zai iya kare ƙwayoyin ƙwaƙwalwa daga lalacewa. Ba ta ruɗe ni ba. Ta ce a ɓeraye aka fi gwadawa, ba a tabbatar a kan mutane ba, kuma kada a bar maganin likita. Na ce ko ɓera ne ya amfana, ai mai rai ne, a zuba.

Ranar farko na yi abin kunya. Na tafasa shi kan gawayi kamar jan shayinmu har ya yi baƙi, na zuba madara. Baba ya kurɓa ya tofar, ya tambaya wace mara tarbiyya ce ta haɗa wannan. Wallahi daɗi na ji, rabonsa da faɗa tun farkon damina! Ashe ba a tafasa shi, jiƙawa ake yi a ruwan zafi. Yanzu shi da kansa yake haɗawa bayan la'asar, ni ina tsaron wuta.

Ka shafa mini kan Zahra.

Matarka,
Ummusalama

Gadarif, ranar Jumma'a

Baban Zahra,

Bayan gaisuwa da fatan kun ƙare yanka lafiya. Ina kewarka, ba zan ɓoye ba.

Ka ce in zaɓa, ko ɗakina ko shayi. Haba, har da kai? Ka tambaya kuma ko ya warke. Bai warke ba.

Ka san kofin nan mai bakin zinariya da Baba yake ajiye wa baƙi, wanda ko Inna ba ta taɓa sha da shi ba har ta rasu. Jiya ya wanke shi sau biyu, ya cika, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya tambaye ni daga wane gari nake, ya ce kada in ji komai, nan gida ne. Na shanye, hawaye na zuba a ciki.

Ya manta sunana, amma bai manta yadda ake karɓar mutum ba. Wannan ɗan abin da ya rage nake tsaro, da shayi, da addu'a, da taurin kan da ka sani.

Kafin magariba ya roƙe ni in kwana biyu, wai baƙo ba ya gaggawa. Na yi masa alkawari. In kana son ganina, ka zo da la'asar. Kai ma zai ba ka kofin.

Taka har kullum,
Ummusalama