Kalmar da ta kusa haɗa ni faɗa

Assalamu alaikum Yaya Umaru,

Ina gajiya, ina aiki? Ya iyali, ya ruwan Fatakwal? Ya jikin Hajiya? Mu nan Taloka duk lahiya lau, Inna ma ta samu sauƙin ƙafa.

Rikicin rabon ruwan rani bai ƙare ba, albasar mutanen ƙarshen kwatar ban-ruwa tana ta ƙonewa. A taron manoma na tashi na faɗi gaskiya. Da munka fito, malamin gona, baƙo ne da bai jin Hausa sosai, ya dafa ni ya ce, "You should run."

Raina ya ɓaci. Na ce, "In gudu? Mi na yi? In bar gonar Baba?"

Malam Sani mai koyar da Turanci ya ja ni gefe yana dariya. Ya ce, "Alhaji, kalmar nan run ba gudu kaɗai take nufi ba. Tun asali Turawa na faɗinta ga ruwa mai gudana. Injin ban-ruwa in yana aiki, ita suke cewa. Mai neman shugabanci ma haka. Takara yake so ka shiga."

Kunya ta kama ni, na koma na ba bawan Allah haƙuri.

Yaya, na yanke shawara. Zan nemi shugabancin ƙungiyar manoma, kuma ba ni janyewa ko wa anka turo mini. Sai ruwa ya kai gonar kowa.

Ka sa ni cikin addu'a. Ka gaishe da Hajiya da yara.

Ƙanenka,
Bello