Inna a Takardar Malama Zuwaira

Litinin, 5 ga Agusta
Damina ta huɗu ke nan tun da na baro Droum, bayan Yaya Zakari ya haɗe gonar Baba da tasa. Har yau garuwa nake a Birnin Damagaram. Bayana ya gaji, yashin lungunan nan ya cinye tayar kurata.

Alhamis, 8
Na kai wa Malama Zuwaira ruwa bido biyu, wato jarka. Mai zane ce, da fentin da ake jiƙawa da ruwa. Ruwan da na turo don a sha, ita takarda take shafa wa! Amma ba ta taɓa raina ni ba, wannan kam. Katangun Birni take zanawa, wai kafin damina ta wanke adonsu. Ƙarshen wata za ta baje su a cibiyar al'adu, ekspozisyon take kiran abin.

Lahadi, 11
"Malam Idirisu, zo ka ga na ƙauye," in ji ta. Tsamiyar ƙofar gidanmu ce. Tsohuwa a gindinta tana ɓarar gyaɗa, sanda a gefenta. Inna ce. Ba da sanda na bar ta ba. Malama ta ce tsohuwar ta riƙa tambayar ta ko ta san masu garuwan Damagaram. Na ce ana jira na, na fita.

Litinin, 12
Ban bi ta lungunta ba.

Laraba, 14
Da la'asar aka sako ruwa, Malama ta tafi wurin kafinta kan firam ɗin zanenta. Na san rufin ɗakin zanenta na yoyo, ƙofar kuma saye take kawai. Na shiga na kwashe zane-zanen zuwa zaure. Na Inna ya sha ɗigo a fuska. Na sa bakin rigata na goge, yadda ake goge wa yaro hawaye. Fuskar ta biyo rigar. Saura tsamiya da sanda.

Da ta dawo ta daɗe tana kallo. "Ba a gogewa, Malam. Barin shi ake ya bushe." Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi.

Na ce mata uwata ce.

Juma'a, 16
Ta ce ba ta iya sake fuskar da ka, sai ta ga mai ita. Gobe za ta Droum, wai ta mance lungun. Ƙarya take, na sani. Na ce zan raka ta iyakar tsamiya, ba zan shiga gidan Zakari ba. Na saya wa Inna goro. Rigar ban wanke ba tukuna.

Zane tara ne a ɗakin. Takwas na tsirar.