Baƙi a Ɗakin Renon Bukuru

Rayfield, Jos

Malama Klaudiya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'ya'yanki na aro. Tunda wayarki ta fi son barci, ga takarda.

Ƙungiyarmu za ta turo mutane ranar Alhamis su duba abin da ɗakin renonki ke buƙata. Wuri ɗaya kawai za a yi wa sabon rufi bana. Ni ba na cikin tawagar, an ce abokin karatu ba ya alƙalanci. Na san ki tun kwalejin malamai, ko alli ne sai kin goge shi. Don Allah ki bar su su ga wurin yadda yake.

Naki,
Babayo

Bukuru

Malam Babayo,

Ina gaisuwa, yaya iyali? Baƙinku sun zo sun tafi lafiya.

Na gaya wa iyayen yaran saƙonka, matan nan masu wankin kuza. Maman Hosana ta ce, "Wa ke tarbar baƙo da tsumma?" Kafin Alhamis sun aro bencina daga coci, sun rufe ramukan kwano da tamfol ɗin biki, yara sun sa kayan Kirsimeti. An dafa gwate har da nama. Ban hana su ba. Gaskiya ni ce ma na shafa fenti. Oganku ya yi ta ɗaukar hoto.

Ka gaida uwargida Maimuna.
Klaudiya

Rayfield

Malama Klaudiya,

Bayan gaisuwa, ina taya ki murna, kuma ina ba ki haƙuri. Rahoto ya ce ɗakinki abin koyi ne, ba ya buƙatar komai sai yabo. Rufi ya tafi wata makaranta da mai ita ya yi dabarar rashin shara.

A taron da aka karanta rahoton na miƙe na ce bencinan na aro ne. Oga ya nuna hoton yara suna dariya, ya tambaye ni ko dariyar ma aro ce. Na zauna.

Yanzu suna so su kawo wasu baƙi su koyi yadda kike yi. Da na sani da ban rubuto miki tun farko ba.

Naki cikin jin kunya,
Babayo

Bukuru

Malam Babayo,

Na gode da ƙoƙari. Ruwan farko ya yaye kwanon, na rufe ɗakin. Yara sun koma bakin ramin kuza tare da iyayensu, masu rarrafe an goya su a baya.

Ka kawo baƙin. Amma kada ka faɗa mini ranar. Idan na sani, zan share.

A huta lafiya.
Klaudiya