Baturen da Ya Ƙwace Mini Jika

Zuwa ga angona Bashir, a Amurka. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ga kacici-kacici, kai da masu leƙen shafinka: wa ya buɗe gidan wasa a saman soro, labulensa haramin alhazai, 'yan wasansa goma amma bakinsu ɗaya, kuma har yau ba a tafa masa ba?

Ƙanwarka ta nuna mini hirar da aka yi da kai. Aka ce wa ya koya maka rubuta wasan kwaikwayo, ka ambaci wani Baturen Amurka da ya rasu kana rarrafe. Na gyara zama ina jiran sunana. Har aka gama.

Tarihinsa kuwa na haddace, don da shi kake cika mini kunne a waya. Wai mahaifinsa ya karye yana yaro, ya yi aikin ƙarfi, wasansa na farko kujeru suka kalla, daga baya duniya ta miƙe masa tsaye. Mashallah. Wai gwani ne a rigimar iyali kan teburin abinci. Ya zo nan unguwarmu ta Shisha a Makka ranar da babanka da baffanka suka haɗu a faranti ɗaya, ya ga gwanaye.

Ka tuna tsohon gidanmu na unguwar Nakkasa? Bayan la'asar in rataya haramin da baƙinmu suka bari a igiyar shanya, in fito ina ɗingishi, na zama alhajin nan da ya ɓatar da takalmi ɗaya a ƙofar Harami, ya rantse ba zai sayi biyu ba. Ni ce alhajin, ni ce askari mai gadin ƙofa, ni ce matarsa. Kai kuma kana birgima kana ce mini da Larabcinka, "Sitti, kaman, ƙara!"

Ka yi tafiyar yini don ɗaukar hoton kujerar Baturen. Soronmu aka rushe, ba ka zo ba.

Zolaya nake, amma ba duka ba. Shekaranjiya na fara wa 'ya'yan ƙanwarka labarin alhajin, na kai tsakiya, ƙarshen ya ɓace mini. Shi Baturen nasa yana cikin littafi, zai jira ka. Nawa a kaina yake. Ka zo azumin nan da alƙalaminka.

Allah Ya tsare ka, Ya yi wa hannunka albarka, Ya haɗa fuskokinmu.

Amsar kuwa ita ce mai wannan wasiƙa: kakarka, Hajiya Ladi.