Ƙwallon Dama a Hannun Hagu

Zuwa ga ƙanena Radhamés,

Gaisuwa ce daga Santiago, daga gidan da aka haife ka, da fatan sanyin New York bai taɓa maka ƙirji ba. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka a wurin aikinka, ya kuma buɗe maka kunnuwa, don yau ina da abin da zan zuba a cikinsu. Mama tana nan da sauƙi, gwiwar ce dai take damunta in hadari ya haɗo. Mijina Leoncio ya gyara rufin kicin, yoyon ya koma ɗakin baƙi. Gangar kayan da ka aiko ta iso, an raba shinkafa da man girki, Mama har ta sa sabon takalminta zuwa coci. Mun gode. Na fara da godiyar ne don kada ka ce ban yi ba, domin daga nan ba za ka ƙara jin ta ba.

Maganar ƙwallon bolin ce, na wasan nan da ake gangara shi a kan katako ya kayar da sanduna, wanda ka sako wa 'yarka Yuderka a ƙasan gangar, jan nan mai sheƙi da ka sa aka rubuta sunanta a jiki. Da ta ciro shi sai ta rungume shi kamar jariri. Tun da ka bar min ita tana tatata bayan rasuwar uwarta, wannan ne karon farko da ka aiko abin da ya nuna ka san abin da take so. Ni ma sai da idona ya kawo ruwa. Ban san masifa ka naɗo mana a cikin tawul ba.

Ka buga mata waya kana cika baki, wai ai ka san layukan gidan wasan Don Bienvenido kamar yunwar cikinka. Wai man da ake shafa wa katakon da safe ba ya kai yamma, layi yakan bushe ƙamas, saboda haka ƙwallo mai santsi ya kamace ta, wanda ba zai ciji katako ya lanƙwashe da wuri ba. Gaskiya ka faɗa, malam gwani, amma gaskiyar ɓangaren dama ce, inda kai da abokan shashancinka kuke jifa har ku sharce man tas. Ɓangaren hagu ba mai bin sa sai ɗaiɗaiku, mai yana nan kwance har a tashi. Can ƙwallo mai kaushi ake so, wanda zai kama ƙasa ya juyo. Radhamés, 'yarka bahaguwa ce. Da hagu take cin abinci, da hagu take rubutu, da hagu ta lashe duk kofunan da kake nuna wa mutane hotonsu a wayarka. Ashe kofin kake kallo, ba ka taɓa duba hannun da yake riƙe da shi ba.

Ramukan yatsun ma na dama ne. Da Leoncio ya tambaye ka a hannun wa aka auna, ba kunya ka ce a hannun wata yarinyar shagon ne, wai hannun 'yan mata ai duk ɗaya ne. Don Bienvenido yana juya ƙwallon ya gane. Ya ce mata ta bari ya toshe ramukan ya sake hudawa, ya goge fatar ta yi kaushi, ko kuma ta koma wa tsohon baƙin ƙwallonta. Ta ƙi. Ta ce abin da babanta ya zaɓa ba mai sa masa hannu. Baƙin kuwa, wanda ya kai ta duk inda ta kai, ta tura shi ƙarƙashin gado.

Ranar Asabar aka yi zagayen farko na zaɓen 'yan wasan da za su wakilci lardinmu, abin da yarinyar nan take wa tanadi tun tana sakandare. Da ma kana nan ka gani da idonka. Ta jefa, ƙwallon ya bi kan mai yana sulɓewa kamar sabulu, bai ko yi niyyar juyowa ba, ya ɗan shafi sandunan gefe ya wuce. Na gaba ya faɗa kwata. Doña Fefita, uwar yarinyar da suke takara da ita, tana bayana tana fifita, ta ɗaga murya wai ashe ƙwallon New York yawon buɗe ido ya zo, shi ya sa yake bin gefe yana kallon gari. Ta ƙara da cewa wai a tambaye shi ko yana da takardar shiga tsakiyar layi. Mutane suka kwashe da dariya. Na juya na gaya mata ta ji da hular gashinta da ta karkace, amma a raina na san ba ita ce ta ci mana mutunci ba, kai ne.

Kafin a gama, yatsan zobenta ya kumbura, fatar ta saɓule. Na ga jini a bakin ramin, tana gogewa da gefen riga don kada in gani. Na ce ta tsaya, ta ce ita ce ba ta iya jefa shi ba tukuna, ƙwallon ba shi da laifi. Ka ji? Ta gwammace ta ce ita ce ba ta iya ba, da ta yarda ubanta bai san ta ba. Wallahi a lokacin na tsane ka, kuma har yanzu da nake rubutun nan ban huce ba. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi ya sa kawai kake samun takarda daga gare ni.

Ta ƙare can ƙasa, amma ba ta fita ba. Saura zagaye ɗaya a farkon watan gobe, in ta faɗi shi ke nan, baɗi shekarunta sun wuce na rukunin da take wasa a ciki. Kuma ta rantse da jan ƙwallon za ta shiga. Na yi lallashi, na yi faɗa, Mama ta yi kuka, Leoncio ya ɓoye shi a bayan firji ta nemo. Ba wanda zai iya raba ta da shi sai wanda ya ba ta.

Saboda haka ga abin da nake so, kuma ba roƙo nake yi ba. Kada ka aiko wani ƙwallon, kada ka aiko takalmi, kada ka turo min dogon bayani a kan mai da katako. Zumunci a ƙafa yake, ba a ganga ba. In ƙafar ta gagara, ka ɗauki waya ka kira ta. Ka gaya mata da bakinka cewa ka yi kuskure, ba ka san ita bahaguwa ce ba, ta ciro baƙin ƙwallonta. Na san maganar za ta yi maka nauyi, tun kana yaro ba ka taɓa cewa ka yi laifi ba. Ita ma za ta ji zafinta, za ta yi kuka, ni zan share mata kamar yadda na saba. In kuwa ka yi shiru ta shiga da ƙwallon nan ta faɗi, to gangarka ta gaba ka nemi wani gidan da za a sauke ta.

Mama tana gaishe ka, ita ba ta san na rubuta haka ba. Leoncio yana gaishe ka. Ka gaida ɗan kawunmu Amaury da iyalinsa, ka ce masa maganin da ya aiko wa Mama ya yi amfani. Yuderka ma ta ce in gaishe ka, in kuma gaya maka ƙwallon ya yi kyau ƙwarai.

Ka juya bayan takardar nan. Na sa Yuderka ta ɗora hannunta na hagu, na zana maka shi, na ce mata awon safar hannu kake so. Yatsan da ya fi sauran kauri, naka aikin ne.

Yayarka da ta raini 'yarka,
Miguelina